Hannuwa Marasa Fuska a Daura

Biki ne ya kai ni Daura. Motar haya muka shiga daga Kano, muka bi ta Dambatta da Kazaure, kafin azahar mun sauka. Sai dai tun ranar kamu ɗiyar ƙawata ta janye ni daga cikin 'yan biki. Zane ta karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ta dawo gida mahaifinta ya bar mata wani ɗaki kusa da zaure.

"Gwaggo, ki yi hankali da mayafinki, fentin bai bushe ba," ta ce da ni tun daga bakin ƙofa.

Mata ne zalla a jikin bangon, kuma babu wadda ke da ido ko hanci ko baki. Na tambaye ta dalili. Ta ce da fari don ta huta da gardamar halaccin zana mai rai ne, daga baya ta gane ashe fuskar ce ke ɗauke hankalin mai kallo. Da ta cire ta, dole mutum ya duba hannu.

Gaban wani zane na fi daɗewa. Amarya ce zaune, an lulluɓe ta, hannuwanta bisa gwiwa sun sha lalle. Fatar ta yi fari fat, amma gaɓoɓin yatsun baƙi ƙirin, ga koren jijiya kwance a bayan hannun. Duk macen da ta taɓa zama gidan biki ta san wannan hannun, na mai shafa man bilicin ne. A gefen amaryar ta jera akwatunan lefe, tsayinsu ya fi nata. Ban yi mata magana a kan akwatunan ba, don ni ma a ranar sai da na tsaya aka ƙirga na amaryarmu.

Ta ce abin da ya sa ta fara wannan aikin, wata magana ce da take ji tun tana ƙarama: fara ko mayya ce. Mace baƙa a ce ta yi haske, siririya a nuna mata kantin da ake sayar da sha-ka-fashe, mai jiki kuma a ce ta rage. Ba yau aka san illar man ba. Wasu na ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Amma gargaɗin hukuma ba ya kai ƙarfin kalma ɗaya daga bakin dangin miji, wannan kam ni shaida ce.

Washegari ta raka ni rijiyar Kusugu. Aka ja mana ruwa da guga muka sha, mai kula da wurin yana ba da labarin macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da zuwan Bayajidda. Ita kuwa Daurama take ta tambaya a kai, da sarauniyoyin da suka riƙe garin kafin ta. A hanyar dawowa ta ce ta so ta zana Daurama, ta fasa, don ta san abin da za a fara tambayarta shi ne ko kyakkyawa ce.

Ciniki fa sai a hankali. Mafi yawan masu saye a Instagram suke samunta, daga Abuja da Legas. A cikin gari abin da ake kawo mata hoton biki ne a waya, a ce ta mayar da shi zane. Ina zaune wata Hajiya ta shigo da na ɗiyarta, suka daidaita kuɗi. Har ta kai ƙofa ta juyo.

"'Yar nan, ki ɗan ƙara mata haske, kin ji?"

"To, Hajiya," in ji ta, ta karɓi kafin alƙalami. Kuɗin fenti ne, kuma daga Kano ake sayo shi.