Littafin ƙidaya ba ya sauraren ƙirji

Ranar Talatar da ta wuce ina tsaye bayan wani ɗalibinmu mai koyon aikin sa barci a ɗakin tiyatar haihuwa. An ciro jariri, ya callara kuka, sai na ga yaron nan ya ɗora babban yatsa kan sirinjin oksitosin, maganin da ke sa mahaifa ta tsuke, zai danna shi gaba ɗaya cikin jijiyar mai haihuwar. Na cafke wuyan hannunsa. Ya waiwayo yana cewa, "Malama, ai likita ya ce a ba ta." Na ce, "A ba ta aka ce, ba a watsa mata ba. Ka saurari ƙirjinta kafin a shigo da ita?" Ya yi tsuru-tsuru. Amma allurar kashe zafi da ya yi mata a baya, tuni ta shiga littafinsa na ƙidaya: ta 27.

Ban yi masa faɗa sosai ba, don kaina na gani a jikinsa.

Ina shekarar ƙarshe ta koyon aikin sa barci, ba abin da ke gabana sai cika littafi. Allurar baya kaza, sa bututun numfashi kaza, allurar jijiyar wuyan hannu kaza. In ba ka cika ba, ba jarrabawa. Wani dare aka kawo wata mai ciki da za a yi wa aiki. Ta ce mini tun watanni biyu ba ta iya kwanciya sai ta tara matashin kai uku. Na ji da kunnena. Na ce a raina, wace mai tsohon ciki ce ke kwanciya da daɗi? Hankalina yana kan bayanta, ina lalubar gurbin ƙashi, ina murna zan ƙara ɗaya.

Allura ta shiga lafiya. Awon jininta ya faɗi, kamar yadda yakan yi, na buɗe mata ƙarin ruwa ya yi ta kwarara. Da aka ciro yaro na danna oksitosin lokaci guda. Cikin minti kaɗan bugun zuciyarta ya haura 140, ta fara tari, sai ga kumfa mai ratsin jini a bakinta. Ashe ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa na hagun zuciyarta ce ta tsuke, irin tsukewar da ciwon maƙogwaron ƙuruciya kan bari in ya zarce ya taɓa zuciya. Faɗin ƙofar nan a lafiyayye santimita 4 zuwa 6 ne murabba'i. In ya gaza 1.5 abin ya tsananta. Ciki ya riga ya ƙara mata jini kusan rabin wanda take da shi, mahaifa ta tsuke ta tura wani cikin jiki, ni na ɗora ruwa, sannan na sa zuciyar gudu. Jinin da bai samu lokacin ratsa ƙofar ba ya koma huhu. Ta rayu, bayan kwana uku a ɗakin kulawa ta musamman. Ba da wayona ba.

Ina da uzuri, kuma na daɗe ina jiƙa shi ina sha. Babu wanda ya rubuta ciwon zuciya a katinta. Malamina yana wani ɗakin da wata mai zubar da jini. Na yi sa'o'i 20 ban runtsa ba. Tsarin da ya auna mu da lamba shi ma yana da nasa kason. Duk gaskiya ne. Sai dai abin da har yau ba na iya haɗiyewa shi ne, mako shida kafin wannan daren na gama zama a ɗakin tiyatar zuciya. Na ga an canza irin wannan ƙofa da idona. Na haddace hefarin, maganin hana jini daskarewa, awo 300 zuwa 400 kan kowane kilo. Na san ba a hawa injin zuciya da huhu sai lokacin daskarewar jini ya kai wajen daƙiƙa 480. Na san furotamin, mai warware aikin hefarin, miligiram 1 ne kan kowane awo 100 na hefarin, kuma a hankali ake ba shi, in ba haka ba awon jini ya rushe. Malamin can ya sha maimaitawa: mai tsukakkiyar ƙofa ba ta son gudun zuciya, ba ta son ambaliyar ruwa. Na rubuta. Na ci jarrabawa. Na baro ilimin a ƙofar ɗakin can kamar takalmi, na shiga ɗakin haihuwa ƙafa tsirara.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari goma, ƙannena. Da na tace su, kaɗan suka rage.

Ku je ku ga majiyyaciya kafin ta hau gado. Ku tambaye ta yadda take kwanciya, ko tana hawa bene, ko tana da asma, ko jininta ya hau. Amsar nan ce za ta hana ku ba mai jijjigar ciki argometirin, wani maganin tsuke mahaifa, ta kuma tuna muku cewa wadda ke kan magniziyam, wato maganin jijjigar, maganin sake tsoka yana daɗewa a jikinta. Ku karkata ta hagu, don daga mako na 20 mahaifa tana danne manyan jijiyoyin ciki. Feniliferin, maganin ɗaga awon jini, ya kasance a ja cikin sirinji kafin allura ta taɓa baya. Yaran yanzu kuwa, a tambaye su wannan sai su zaro waya. Waya za ta gaya maka awon magani, ba za ta gaya maka matar nan leɓenta ya dushe ba.

Kada ku yi gaggawa. To, na faɗa, amma ranar da mahaifa ta ƙi tsukewa, jini sama da rabin lita ke ratsa ta kowane minti, wanda ya tsaya nazari a nan zai yi asarar rai. Ranar nan gudu ake yi. Yadda za ka bambanta ranakun biyu, ban iya koya maka a takarda ba.

Ku kira na gaba da ku tun abin bai ɓaci ba. Ni kunya ta sa na yi jinkirin minti biyar a daren mai ciwon zuciyar nan. Amma kada ka tashe ni ƙarfe uku don tambayar da ke shafin farko na littafinka.

Littafin ƙidayar ma ku cika shi, don hannu sai da maimaici yake faɗawa. Ban taɓa ganin wanda ya ƙware da allura biyar ba.

Washegari yaron ya zo ofishina da littafinsa in sa masa hannu kan ta 27. Na sa. Na miƙa masa abin sauraren ƙirjina, na ce akwai mata huɗu a jerin aikin gobe, ya je ya dawo mini da labarin yadda kowace ke kwanciya. Sai da ya duba agogo tukuna ya karɓa.