Siminti ya kusa cinye mini gida a Liverpool

Gidan da muka saya a Liverpool irin jerarrun gidajen nan ne na zamanin Sarauniya Victoria, kai da maƙwabcinka bango ɗaya ya raba ku, jan bulo a jiki, rufin fallen dutsen Wales a sama. Yawancin irinsu an gina su ne bayan dokar lafiyar jama'a ta 1875, wadda ta ba hukumomin gari ikon tsara faɗin titi da magudanar ruwa. Gyaran wuta da famfo bai ba mu wahala ba. Danshi ne ya sha mana kai.

Da sanyi ya shigo, fenti ya fara ɓarewa a falo, wani farin gishiri na tsatso daga bango. Wani kamfani ya zo ya huda bangon, ya ɗura masa magani, ya kankare tsohon yaɓe har tsayin mita ɗaya, ya mayar da na siminti. Kuɗin da suka karɓa har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Shekara ba ta zagayo ba danshin ya ɓullo a saman sabon yaɓen, ya ma fi na da.

Wani dattijon birkila ne ya warware mini. Bangon waɗannan gidaje toshe yake, kaurinsa inci 9, babu rami a tsakiya irin na ginin zamani. Da farar ƙasa da yashi aka ɗaure bulon, don ruwan da ya shiga ya samu hanyar fita. Siminti kuwa tare shi yake yi. Masu gidan na baya sun cike tsakanin bulo da siminti ta waje, kamfanin ya rufe ta ciki, ruwa ya rasa mafita sai sama. Ga kuma ƙananan kafofin iska na ƙarƙashin daɓen katako, an ɗaga daɓen tsakar gida ya toshe su, har bakin katakan da ke ɗauke da falon ya ruɓe.

Da na ba Kawu labari a waya, cewa ya yi: "Ɗana, ai ka gani a Kano. Duk ginin ƙasar da aka yaɓe da siminti, ta ciki yake ruɓewa." Wallahi haka ne.

Muka sassaƙe simintin da hannu, layi bayan layi, don injin yana farfasa bakin bulo. Farar ƙasa ba ta son gaggawa, ba a kuma aikinta lokacin ƙanƙara, dole muka jira bazara. Bangon ya ɗauki watanni kafin ya bushe.

In za ka sayi irin gidan nan, duba indararo da kafofin iska da tudun ƙasar waje tun kafin ka bar kowa ya taɓa maka bango. Kuma kada ka yarda wanda zai sayar maka da maganin danshi ya zama shi ne mai binciken, ka biya wani daban wanda ya san tsohon gini.