TARIHIN RAYUWATA, kashi na 17: Ranar da waya ta riga ni kai labari

Salamu alaikum jama'a. Wancan makon mun tsaya a inda ogana a gidan rediyo ya tara mu a jajiberin zaɓen shugaban ƙasar Kamaru ya ce kada wanda ya kuskura ya faɗi alƙaluma a iska, Majalisar Tsarin Mulki ce kawai doka ta ba ikon faɗin wanda ya ci. Toh yau ga abin da ya biyo baya.

Lahadi 12 ga Oktoba 2025 tun da hantsi ina wata firamare a nan Garwa da 'yar rakodata. Da aka rufe rumfa aka zazzage akwati, ana ɗaga takarda ana kiran suna mutum ɗaya yana ja da alli a allo, in aka ce Tchiroma, ɗan takarar adawa, sai ihu, mata har da guɗa ta taga. Ni ina rubutu a littafi kaman yadda aka koya min shekara ashirin da suka wuce, na waiga na ga samari sun fi talatin kowa ya ɗaga waya sama. Cikinsu har da ɗan yayata, yaron da ni na kai shi makaranta da hannuna, wlh kafin in samu mai moto ya kai ni tasha ya riga ya watsa komai kai tsaye a Facebook, mutanen Yawunde da na Faransa sun gani sun yi sharhi.

Na shiga situdiyo na ce an yi zaɓe an ƙirga, jama'a a jira. Layin waya ya buɗe, na farko da ya kira dattijo ne da na san muryarsa, ya ce Malam kai ma an saye ka? Maganar nan har yau tana ci min rai. Ba a saye ni ba, amma tsoro kam akwai, duk ɗan jaridar Hausa a arewacin Kamaru bai manta Ahmed Abba na RFI ba, wanda aka kama a Marwa a 2015 bai fito ba sai ƙarshen 2017. Ina da 'ya'ya biyar.

Da dare unguwa ta cika da barkonon tsohuwa, muna ɗaki hotunan sakamako sai shigowa suke a WhatsApp. A nan na ga abin da ya tsayar min da numfashi, hoton allo ɗaya ya zo min sau uku, wani ya rubuta Gidar, wani Ngaundere, wani ma ya ce Kusiri. Alhali allon makarantar da na wuni ne, na gane shi da tsagewar da ke gefen hagu da zanen taswirar da yara suka bari. Na nuna wa ɗan yayata na ce duba nan, ya ce Kawu ai dai alƙaluman gaskiya ne. Na ce na gaskiya ne a rumfa ɗaya, an mai da su rumfa uku. Ya yi shiru can ya ce toh Kawu ku da kuka san gaskiyar me ya hana ku faɗa? Ban samu amsa ba, na tashi na yi alwala.

Daren Litinin wayewar Talata 14 ga wata Issa Tchiroma Bakary ya ce shi ya ci. Mutumin da ya riƙe ma'aikatar sadarwa daga 2009 zuwa 2019, duk wata kafar yaɗa labarai ta ƙasar nan ya san ƙofarta, amma a Facebook ya sa bidiyonsa. Innata ce ta tashe ni da asuba da wayar jikanta a hannu ta ce kai da kake aikin gidan rediyo ba ka ji ba?

Sai 27 ga wata aka ce shugaba mai ci Paul Biya ya samu kashi 53.66, Tchiroma 35.19. Abin da na gani a Marware, unguwar Tchiroma a nan Garwa, ranar, da takardar da ogana ya miƙo min washegari, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.