Na sayi turombon na hannu

Jiya na ɗauko turombon ɗina na farko (wani abin busa ne na ƙarfe, kamar kakaki), na hannu, ƙirar Yamaha, wajen wani dattijo tsohon ɗan badujala. Kalarsa ta koɗe, wannan bai dame ni ba. Malamina ya ce bututun da ake zugewa shi ne ransa: in ya lotsa ko yana cijewa, gyaransa akwai cin kuɗi. Nawa kuwa sumul yake tafiya. Bututun yana da matsayi 7 da ake tsayar da shi don canza sauti, kuma ba wata alama a jiki, kunne ne kaɗai zai gaya maka ka isa. Bakin busawar sai da na wanke shi tas da ruwan ɗumi da sabulu, na wani ne fa! Maƙwabta ku yi haƙuri, har yanzu kukan saniya nake fitarwa.