Fakon barewa a fadamar Misisipi

Tun da na fara farautar barewa a jihar Wiskonsin ta Amurka, fadamar kogin Misisipi na fi zuwa. Ba ni da gona, ba ni da kuɗin hayar daji, kuma filayen kan tudu masu masara da waken soya kusan duk na mutane ne, an kafa musu allunan hana shiga. Abin da ya rage wa irinmu shi ne filin gwamnati, mafi yawansa kuwa a wannan yanki cikin ruwa da laka yake. Babban gandun namun daji da kifi da ke bin kogin, wanda aka kafa a 1924, ya miƙe mil 261 daga Wabasha ta jihar Minesota har kusa da Rock Island ta jihar Ilinoi, girmansa eka wajen 240,000. Akwai sassan da aka rufe, amma an yarda a yi farauta a wurare da yawa cikinsa. A shekarun 1930 injiniyoyin sojan Amurka suka jera madatsai a kogin domin jiragen dakon kaya su samu zurfin ƙafa 9, ruwan da aka tare ya kwanta cikin daji, ya bar tafkuna da ƙananan rafuka da tsibirai barkatai. Cikin wannan ruɗani ne mutum zai zaɓi bishiya guda ya rataya kujerarsa, ya zauna jiran barewa mai farar wutsiya.

Abu na farko da fadama ta koya mini shi ne in daina kallon sama, in kalli ƙasa. A kan tudu akwai kwari da ganiya, kana ganin inda dabba za ta bi tun daga nesa. A nan ko'ina shimfiɗe yake, sai ka ɗauka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Bambancin taki guda na tsayi shi ke raba inda barewa za ta kwanta da inda ba za ta kwanta ba. Tana iyo sosai, tana ratsa ruwa ba fargaba, amma ba ta kwanciya a jiƙe. Duk inda ƙasa ta ɗan tasa, ko gindin wata bishiya da ta faɗi ta ɗago saiwarta, ko tsohuwar gaɓar da kogi ya bari ya sake hanya, can za ka tarar da ciyawa ta kwanta da siffar jikinta, da gashi fari a ciki. Itatuwa ma suna faɗa maka tsayin ƙasa tun kafin ka taka ta. Inda wilo ya yi yawa, ruwa yana daɗewa. Inda ka ga itacen oak, ƙasa ta ɗan fi bushewa, kuma ƙwallayen da yake zubarwa da kaka abinci ne da barewa ke barin komai saboda shi. Gungun oak biyar ko shida a tsakiyar fadama ya fi mini daji guda na mapul.

Sai kachalla. Wanda ya san dausayin Haɗeja da Nguru ya san wannan ciyawa, ya san yadda take cinye hanyar ruwa ta hana masunta da manoma sakat. Danginta ne ya cika dausayin Wiskonsin, har dausayin Horicon da ke gabashin jihar shi ne ake lissafawa mafi girman dausayin kachalla na ruwan daɗi a Amurka. Abin da ke damun manomi a gida shi ne mafakar barewa a nan. Ranar Asabar ɗin da ke gaban bikin godiya na watan Nuwamba ake buɗe farautar bindiga ta kwana tara, daji ya cika da mutane sanye da riguna ruwan lemo mai ƙyalli kamar yadda doka ta ce. Kafin rana ta take, tsofaffin mazajen barewa sun shige kachalla, inda ta fi mutum tsayi, inda ba mai iya tafiya taku uku ba a ji shi ba. Ba a bin su ciki. Ana neman ƙofar da suke fitowa ne.

Ƙofar nan galibi a ɗayan wurare biyu take. Ko dai inda busasshiyar ƙasa ta miƙa harshe cikin kachalla, ko kuma inda wani ɗan tsibiri mai itatuwa kaɗan yake a tsakiya da siririyar hanya mai haɗa shi da gaɓa. Namiji yakan kwanta a can ƙarshen harshen, iska na zuwa masa daga bayan tudu tana kawo masa warin duk wanda ya taho, kachalla kuma tana gabansa in ya so gudu. Da yamma sai ya tashi ya biyo harshen zuwa cikin daji. Wani dattijo da muke haɗuwa a mashigar jiragen ruwa, wanda tun yana yaro yake farauta a nan, shi ya nuna mini cewa yawancin mutane nesa suke zama. Suna rataya kujera inda daji ya buɗe, inda ido ke kaiwa nesa, barewa kuwa ba ta isowa can sai duhu ya yi. Doka ta tsayar da harbi minti 20 bayan faɗuwar rana. In kana son ganinta da sauran haske, dole ka matso kusa da makwancinta, kusa ƙwarai, har ka ji tsoron tari.

Ruwa kuma yana yin aikin da shinge ke yi. Inda kogi ya lanƙwaso ya kusa haɗuwa da wani tafki, ya bar ɗan zirin ƙasa a tsakani, duk dabbar da za ta wuce daga wannan daji zuwa wancan ta nan za ta bi. Haka madatsar da dabbar ruwan nan biba take ginawa da itace da laka: barewa na tsallaka rafi ta kanta ko ta ɗan ƙasa da ita inda ruwa bai da zurfi, za ka ga gaɓa ta zaizaye da kofato. Irin waɗannan wurare sun fi amfani a farkon Nuwamba, lokacin barbara, sa'ad da maza ke yawo har da rana tsaka suna neman mata. A watan Satumba da farkon Oktoba, da farautar baka, gara ka zauna tsakanin makwanci da abinci.

Amma duk wannan sauƙi ne in aka kwatanta da iska. Barewa da hanci take rayuwa. Rigar lemon nan da ke tsone idon mutum ita ba ta dame ta ba, warinka kuwa ko kaɗan ya isa gare ta, ta tafi, ba za ka ma san ta zo ba. Hasashen yanayi zai ce iska daga arewa maso yamma take, amma wannan labarin sama ne. Kwarin Misisipi yana tsakanin tsaunuka masu tsayi, wanda ke saman garin La Crosse ya kusa ƙafa 600, iska na faɗowa daga kansu tana juyi a ƙasa. Ina yawo da audugar wata ciyawa 'yar'uwar tumfafiya, wadda ke fashewa da kaka. In na saki ƙwaya ɗaya daga kan bishiya, sai in bi ta da ido. Sau da yawa takan tafi gabas taku goma, ta tsaya, ta dawo ta wuce ni ta nufi makwancin da nake fako. Bishiyar da ta yi mini haka ba na sake hawa da irin wannan iska, komai yawan sawun da ke gindinta.

Akwai kuma motsin iska na safe da yamma, wanda ba ruwansa da hasashe. Da rana ta faɗa bayan tsauni, iska mai sanyi tana gangarowa ta kwaruruka ta zubo fadama, ta bi rafi zuwa ƙasa kamar yadda ruwa zai bi. Da hantsi kuma, in ƙasa ta ɗumama, sai ta koma sama. Da kaka ruwan tafki ya fi iska ɗumi da yamma, saboda haka in gari ya yi tsit iskar gaɓa tana janyuwa zuwa kan ruwa. Wannan ne ya sa na fi son bishiyar da ke daf da bakin ruwa, ruwan yana bayana, hanyar barewa tana gabana. Warina yana zuba kan tafki, inda ba abin da zai shaƙe shi sai agwagwa. Samun irin wannan bishiya ya fi samun sawu wuya, kuma in na same ta ina adana ta, ba na hawanta sai ranar da iska ta dace.

Yadda za ka iso ma rabin aikin ne. Duk inda ka taka ka bar wari, kuma ƙarar kachalla ko ƙanƙarar da ta fara kamawa tana tafiya nesa da asuba. Kwale-kwale ya warware mini wannan. Ina tuƙowa ta rafi, in ɗaure shi a gindin gaɓa, in hau bishiyar da ba ta fi taku ashirin daga ruwa ba. Sauran mafarauta daga wajen ajiye mota suke shigowa, dabbobin kuma sun saba sa ido ta can. Sai dai kogin nan a watan Nuwamba ba abin wasa ba ne. A ranar 11 ga Nuwamba 1940 gari ya waye da ɗumi, kafin dare guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da mafarautan agwagwa a tsibiran da ke kusa da Winona, da yawa ba su dawo ba. Har yau mutanen bakin kogi suna ba da labarin. Rigar ceto ba ta barin jikina a kan ruwa, kuma a gida sun san mashigar da na bi da lokacin da zan fito.

Itatuwan fadama ba su da daɗin hawa. Mapul ɗin nan yakan rabu gida uku ko huɗu tun daga gindi, ya karkace, wani kuma ruɓaɓɓe ne a ciki saboda ambaliya. Rabuwar tana da amfani, domin tana ɓoye siffar mutum, amma sai na ƙwanƙwasa na ji kafin in amince masa. A filin gwamnati ba a buga ƙusa a jikin itace, kujera da matakala duk na ɗaurawa ne, a wurare da yawa kuma dole ka sauke kayanka ka tafi da su kowace rana. Igiyar tsaro tana jikina tun daga ƙasa, domin faɗowa daga bishiya na cikin abin da ya fi raunata mafarauta a ƙasar nan. A bakin kachalla ba na hawa sama sosai. Itatuwan wurin gajeru ne, in ka wuce rassansu sai ka fito fili a jikin sararin sama. Wani lokaci ma kujera a ƙasa, bayan wani kututture, ta fi.

Abu na ƙarshe da nake dubawa kafin in rataya kujera, abokan farautata ba su cika damuwa da shi kamar ni ba, shi ne inda dabbar za ta faɗi. Barewar da aka harba takan yi gudu kafin ta faɗi, kuma inda ta fito can take komawa. A kachalla mai ruwa jini ba ya zama, sawu ba ya zama, mutum na iya wuce ta da taku biyu bai gan ta ba. Dabbar da aka ɗauki ranta aka bari ta ruɓe a laka abu ne mai nauyi a wurina. Ga kuma hukuncin addini. Ina ambaton sunan Allah lokacin harbi, in na same ta da sauran rai in yanka. Amma a hadisin Adiyyu ɗan Hatim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cin abin farautar da aka tarar ya faɗa ruwa, domin ba a san ko ruwan ne ya kashe shi ko kibiyar ba. A fadama wannan mas'ala ce ta kowace fita.

Saboda haka nakan ja baya kaɗan daga bakin kachalla, in bar tazarar busasshiyar ƙasa tsakanin inda zan yi harbi da ruwa mai zurfi. Wannan yana karo da abin da dattijon nan ya koya mini na matsowa kusa, kuma na san ina rasa wasu dabbobin da ba sa isowa da haske. Na yarda da wannan rashi. In barewa ta tsaya ƙafafunta cikin ruwa, ko tana fuskantar rafi mai gudu, ba na harbi, ina jira ta hau gaɓa ta ba ni gefenta. Zirin ƙasar da ke tsakanin ruwa biyu, duk da kyansa, sai in zauna a ƙarshensa ta wajen daji, inda ko ta yi gudu akwai ƙasa a gabanta.

Binciken wurare a ƙarshen hunturu nake yi, kafin ambaliyar bazara ta share komai. A lokacin kachalla ta daskare ta kwanta, hanyoyi sun fito fili, itatuwan da maza suka goge da ƙaho suna nan da farin tabonsu. Ina sa alama a taswirar wayata, in rubuta iskar da kowace bishiya ke so. Da kaka kuma kafin in fita sai na duba ma'aunin tsayin kogi, domin in ruwa ya ƙaru da ƙafa biyu, rabin makwantan da na gani sun nutse, barewar ta koma wani tudun, ni ma sai in sake bishiya.