Na je na ga Tiga da idona

A gidanmu a Haɗeja, in Baba zai ba da labarin fadama, da "kafin a yi Tiga" yake farawa. Ina yaro na ɗauka Tiga wani mutum ne da ya cuce mu, ashe dam ne a jihar Kano. Sai a hunturun bana na samu zuwa, da kawuna mai fataucin tumatur ya ce in raka shi Kwanar Gafan.

Mun bar Kano bayan asuba, muka ɗauki hanyar Zariya. Daga Kura abin ya fara ba ni mamaki. Ko'ina ƙura da hazo, itatuwa sun kaɗe ganye, amma dama da hagu kore shar: albasa, alkama, tumatur, ga ruwa na gudu a kwata kamar ana tsakiyar damina. A Kwanar Gafan kuwa kwanduna ne jere har bakin titi, 'yan dako na lodi a manyan motoci masu zuwa kudu, ƙasa ta yi jajir da ruɓaɓɓen tumatur. Kawu ya tsunduma ciniki, ni kuma na yi shatar ɗan acaɓa zuwa dam.

Ban taɓa ganin ruwa mai faɗin haka ba. Hazo ya haɗiye ɗaya gaɓar, sai duwatsu da suka leƙo daga ciki, da jiragen masunta can nesa kamar ƙwaryar da aka saki. Bangon kansa tulin ƙasa ne da duwatsu, doguwar ganuwa da aka datse Kogin Kano da ita tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Daga nan ruwan ke bin babbar kwata zuwa gonakin Kadawa, Bunkure da Kura, wani kuma ya bi kogi ya gangara wajen Tamburawa, inda ake tace ruwan famfon Kano. Gwamnatin jihar ta kuma kafa injin lantarki a gindin dam ɗin.

Wani dattijo na gyaran koma a gindin bishiya. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi garinmu. Da na ce Haɗeja sai ya yi murmushi.

"Ashe kai ne mai ruwan. Ka zo biko ne, ɗana?"

"A'a Baba, gani kawai na zo yi."

Ya san zancen sarai. Tun da aka tare Tiga, sannan dam ɗin Challawa ya biyo baya a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ja baya, ruwan da ake saki rani da damina kuma ya ba ciyawar kachala wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki. Ya ce shi ma tsohon garinsu na ƙarƙashin ruwan nan, ya nuna da haɓa wajen wani dutse. Ban sami abin cewa ba. Na zo da ƙorafi a ciki, na tarar da wanda ya fi ni asara yana ɗinkin koma.

Na sayi soyayyen karfasa da yaji a takarda, na zauna kan dutse na kira Baba. Tambayarsa ɗaya: "Ruwan da yawa?" Na ce da yawa ƙwarai. Ya yi shiru, can ya ce in taho masa da albasa.