Abin da zaman jami'a ya koya min a wajen ɗakin lakca

Shekarata ta farko a jami'a hanya biyu kawai na sani, daga hostel zuwa ɗakin lakca, daga ɗakin lakca in koma hostel, shi ke nan. Makarantar nan ga ta da girma, ga gine-gine iri-iri, amma ni kullum kaina a ƙasa ina sauri kar in makara, ban taɓa tsayawa na tambayi me ake yi a wancan ginin ba. A zatona abin da malami ya faɗa a aji da handawut ɗin da ya bayar su ne jami'ar gaba ɗaya. Har yanzu in na tuna sai raina ya sosu, don shekara guda ba ƙaramin abu ba ce a wurin ɗalibi.

Abin da ya fara buɗe min ido laburare ne, kuma shi ma dole ce ta kai ni, an ba mu asaimen aka ce sai mun kawo littattafai biyar da muka duba. Na shiga na yi ta zagaye tsakanin kantoci kusan awa ɗaya ban samu ko ɗaya ba, sai wata dattijuwa ma'aikaciyar wurin ta lura da ni ta ce, "Ɗana, me kake nema ne tun ɗazu?" Na ce, "Hajiya, wallahi littafi nake nema amma ban san ta inda zan fara ba." Sai ta zaro wani littafi ta juya min bayansa, ta ɗora yatsa kan 'yar farar takardar nan da ake mannawa a ƙasa, mai haruffa da lambobi, ta ce wannan ita ce adireshin littafin. Ta yi min bayani cewa manyan tsare-tsare biyu ne aka fi amfani da su: akwai na Dewey da aka fito da shi tun 1876, wanda ya raba ilimi da lambobi daga 000 zuwa 999, kimiyya tana 500, tarihi yana 900, sannan akwai na laburaren majalisar dokokin Amurka mai amfani da haruffa, Q kimiyya, P harsuna da adabi, H ilimin zamantakewa. Amma maganar da ta fi zauna min ita ce da ta ce in ka samu littafi ɗaya kar ka ɗauka ka gudu, duba na damansa da na hagunsa, don duk magana ɗaya suke yi. Ranar da littafi tara na fita. Tun daga nan in na shiga kowace laburare, kafin in zauna sai na je na gaida masu aikin wurin, su ne suka san inda komai yake, kuma mafi yawan ɗalibai har su gama ba su taɓa yi musu tambaya ɗaya ba in ba ta katin shiga ba.

Sai zaman hostel. Mu huɗu ne a ɗaki, kowa da halinsa, wani ba ya barci sai da fitila a kunne, wani da asuba yake karatu da ƙarfi, wani baƙinsa ba sa yankewa, a watan farko har mun fara 'yar tsama da juna saboda ba wanda ya buɗe baki ya faɗi abin da ke damunsa, kowa yana ta cin rai a ciki. Da muka zauna muka yi magana, minti ashirin ba mu yi ba muka daidaita, ƙarfe nawa za a kashe fitila, yaushe baƙi za su tafi, wa zai share ɗaki. Da tun satin farko muka yi hakan da an huta.

Ɗaya daga cikinsu kuma ya koya min karatu ba tare da ya san yana koya min ba. Kullum in mun dawo da yamma zai buɗe abin da aka yi a ranar ya bi shi kamar minti ashirin, ya rufe littafin ya gwada faɗa da ka, ƙarshen sati kuma ya sake bi. Ni ko sai jarabawa ta matso in kwashi littattafai in tafi aji in kwana ido biyu, in shiga jarabawa kai yana sarawa, bayan sati biyu ka tambaye ni abin da na rubuta ba zan iya kawo rabinsa ba. Daga baya ne na karanta cewa tun 1885 wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya wallafa gwajin wannan da ya yi a kan kansa, ya nuna mantuwa ta fi sauri a awannin farko bayan an koyi abu, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi a tara a yi lokaci guda. To ni a gadon da ke kallon nawa na fara ganin abin, kafin in gan shi a littafi. Shi ya sa nake ganin ba banza ba tsofaffin makarantu suka haɗa wurin kwana da wurin karatu, a da Azhar da ke Alkahira tana da ruwaƙai, wato ɓangarorin kwanan ɗalibai, inda ɗaliban kowane yanki ke zama, har da na mutanen Barno, Oksfod da Kambirij kuma har gobe a kwalejoji ɗalibai suke kwana su yi karatu. Wanda kake kwana ɗaki ɗaya da shi yana shiga karatunka ko ka so ko ka ƙi.

Darasin da ya fi tsada kuwa lokacin digiri na biyu na same shi, da bincike ya kai ni wata jami'ar da ba tamu ba don in duba wasu kundayen digiri da babu su a intanet. Na tashi kawai na tafi, aidi kad ɗina a aljihu, ina ganin ai ɗalibi ɗalibi ne ko'ina. A ƙofar laburare aka tsayar da ni, cikin mutunci dai, aka ce ina takardar gabatarwa daga sashenku? Babu. Kwana biyu na yi ina kiran waya ina jiran a sa hannu a turo, ga masaukin baƙi na makarantar a cike saboda ana wani taro, sai da na nemi wuri a waje mai nisa. Laifina ne tsaf, su dokarsu suka bi. Tun daga ranar ba na zuwa wata jami'a sai na yi abu uku kafin in tashi: in karɓi takarda daga sufabaiza ko shugaban sashe, in tura saƙo ga wanda zan gani in ji ko yana nan, in kuma duba kalandar makarantar, don lokacin jarabawa ba ka samun kujera a laburare ba ka samun malami, lokacin hutu kuma ana rufewa da wuri. Sannan in tambaya ko suna ba baƙo aron littafi, yawanci ba sa bayarwa, a nan za ka zauna ka karanta. Kuma ba wulaƙanci ba ne, laburaren Bodleian ta Oksfod da aka buɗe a 1602 ba ta ba da aro, har Sarkin Ingila Charles na ɗaya ya nema a 1645 aka hana shi. In makarantarku tana cikin tsarin eduroam ma ka saita shi a wayarka tun kana gida, da shi za ka hau intanet ɗin wata jami'ar da ke cikin tsarin ba sai ka nemi sabon fasawod ba.

A kwana biyun nan da nake jira ne na yi abin da ban yi a shekarata ta farko ba, na taka makarantar da ƙafa daga wannan gefe zuwa wancan, ina karanta duk allon sanarwar da na gani. A jikin wani allo na ga za a yi semina a sashen da ya shafi aikina, na je ofishin sakatariya na yi sallama na ce, "Ranki ya daɗe, ni baƙo ne, ko zan iya shiga?" Ta ce ai a buɗe take ga kowa, ta ma faɗa min wane malami ne ya fi sanin fannin da nake bincike da ranar da yake zama a ofis. Na zauna a baya ban ce komai ba har aka gama, sai da mutane suka ragu na matsa na gaida malamin na faɗa masa abin da ya kawo ni a taƙaice, don na lura ba sa son dogon zance a tsaye. Ya ce in same shi gobe ƙarfe goma. Da na je ya saurare ni kamar minti goma, ya ce tambayar binciken nawa ta yi faɗi da yawa in rage ta, sannan ya miƙe ya zaro wani kundi mai baƙin bango daga can saman kantarsa, ya kaɗe ƙurar da hannunsa ya ce, "Ɗalibata ce ta yi wannan, zauna nan ka karanta babi na uku, in ka gama mu yi magana." Wannan babin ne ya sa na sake rubuta tsarin aikina gaba ɗaya da na koma.